Rabuwa Da Ɗan Jinga Tun Aiki Bai Ƙare Ba

Da zarar ruwa ya zauna, shuka ta tsiro, babu abin da ya ke wuyar samu a ƙauye kamar hannu. Kowa yana neman mai taya shi noman farko a cikin mako guda, masu ƙwadago kuwa ba su ƙaru ba. A wannan lokaci ne a ke ƙulla jinga da gaggawa, a bakin kasuwa ko a gindin bishiya, a tsai da kuɗi, a ba da kafin alƙalami, kowa ya kama gabansa. A kan yi ciniki a kan kome, har da yawan furar da za a kai gona, amma akwai abu guda wanda ba safai a ke tuna shi ba, watau in an rabu tun aiki bai ƙare ba, wa zai biya wani, nawa zai biya, kuma kwana nawa za a faɗa wa juna kafin a rabu. Da yawa daga cikin rigingimun da a ke kai wa masu unguwa da dagatai da damina, daga nan su ke tasowa.

Abin da ya sa maganar ta ke da nauyi shi ne aikin gona ba ya jira. Hatsi ya fi jin cutar ciyawa a cikin makonni shida na farko, sabo da haka ne malaman gona su ke cewa a yi noman farko kamar mako biyu zuwa uku bayan shuka. In ɗan jinga ya bar gona a rabi, aka kwana goma ba a sami wani ba, masara ta kan ƙanjame ta yi ja, abin da aka rasa kuwa ba ya komowa duka ko da an bi ta da taki. Haka gyaɗa, in ta nuna ba a cire ba, ƙasa ta bushe, sai 'ya'yan su tsinke su zauna a ciki. In kuwa wani ruwa ya sauka, waɗansu irin su kan tsiro tun suna ƙasa. Mai lambun tumatir da rani, in mai ba shi ruwa ya tafi sa'ad da a ke fure, 'yan kwanaki kaɗan sun isa furen ya kakkaɓe.

To, shi ma ma'aikaci yana da tasa hasarar. Mutum ya baro garinsu, ya ƙi aikin da waɗansu suka yi masa tayi, ya zo ya zauna a gidan wani don ya yi masa damina. Aka gama noman farko, aka yi maimai, aka huɗe, sai cikin watan Agusta maigida ya ga babu sauran aiki mai nauyi sai girbi, ya ce masa ya tafi. Ina zai nufa? Lokacin shuka tasa gonar ya wuce, babu mai ɗaukar ƙwadago kuma sai kaka.

Hukuncin ko wace rabuwa ya danganta ga irin alkawarin da aka ƙulla tun farko, gama ba iri ɗaya ba ne, ko da ya ke duka a kan kira su ƙwadago.

Mai sauƙi a ciki shi ne ɗan ƙwadagon yini. Shi alkawarinsa yana ƙarewa da tashi daga gona, gobe kuma sabon ciniki ne. Inda a ke samun gardama shi ne in mai gona ya kira mutane, suka zo da fartanyoyinsu da sassafe, sa'an nan ya ce ya fasa. Ya riga ya ci musu yini, domin duk mai neman ma'aikata a ran nan ya gama ɗauka. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, ta yi magana a kan irin wannan a sashe na 17: ma'aikacin da ya zo lafiya lau yana shirye, ko dai a ba shi aiki ko a biya shi ladan ranar. In kuwa wani abu ne da ya fi ƙarfin ubangida ya hana, to, ranar farko kaɗai zai biya.

MAI ALBASHIN WATA

Na biyu shi ne wanda aka ɗauka a kan albashi ba a yanka ranar gamawa ba, kamar mai gadin gona, da mai kula da kaji, da direban tarakta, da akawun sito. Waɗannan su ne sashe na 11 na dokar ya tsara musu wa'adi, abin da akawuna su ke kira notis. In aikin bai wuce wata uku ba, wa'adin kwana ɗaya ne. In ya wuce wata uku amma bai cika shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Wanda ya shekara biyar ko fiye, wata guda. Ba a lissafa ranar da aka ba da sanarwar a cikin kwanakin, kuma duk wa'adin da ya kai mako ɗaya lalle ne a rubuta shi, faɗa da baki bai isa ba.

Mutane da yawa suna tsammani ubangida kaɗai wannan ya hau. A'a, ya hau duka biyu. Yaron da ya shekara uku yana kula da kaji ba shi da ikon ajiye mabuɗi da dare ya ɓace da safe. Mako biyu ne a kansa, daidai da yadda su ke a kan maigidansa. Wanda ba ya son jiran kwanakin yana iya biyan kuɗinsu a madadi. Amma a nan akwai abin lura ga ma'aikatan gona: dokar ta ce abin da a ke lissafawa a wannan biya shi ne tsabar albashi kaɗai, ban da ƙarin da a ke yi a gefe. Wanda yawancin ladansa tuwo ne da ɗaki da damin dawa a kaka, in aka zo biyansa kuɗin wa'adi, abin da zai karɓa ba zai taka kara ya karya ba. Duk kuɗin da ma'aikaci ya ke bi kuwa, dole a biya shi kafin wa'adin ya cika ko a ranar da ya cika. Cewa "ka dawo in an sayar da amfani" ba ya cikin doka.

Ba a bukatar wa'adi in ɗaya ya yi babban laifi wanda ya rushe alkawarin, kamar ma'aikacin da aka kama yana fitar da buhunan taki, ko ubangidan da ya ƙi biya wata da watanni. Amma ko ɓarawon taki, korarsa daban, cinye masa albashin da ya riga ya yi wa aiki daban. Sashe na 5 ya hana ubangida cin ma'aikaci tara da kansa, in kuwa yana so ya cire kuɗin ɓarnar da aka yi masa da gangan ko da sakaci, sai da yardar jami'in ƙwadago a rubuce. 'Ya'ya da ƙannen da su ke gandu ɗaya da maigida, su dokar ba ta lissafa su cikin ma'aikata ba. Har wa yau wannan dokar ta Nijeriya ce. Wanda ya ke noma a Maraɗi ko Damagaram, Nijar tana da tata.

Gaskiyar magana, waɗannan kwanaki an yanka su ne da tunanin masana'anta da ofis. Mako ɗaya a watan Janairu ba kome ba ne, amma mako ɗaya a farkon Yuli ya yi kaɗan ƙwarai ga mai neman wanda zai maye gurbi. Babu abin da ya hana mutum biyu su shirya a kan wa'adin da ya fi na doka tsawo, su ce da damina wata guda ne. Wanda aka ɗauka kuwa a kan lokaci yankakke, aka ce daga shuka zuwa girbi, shi maganarsa ba ta wa'adi ba ce, sai in an sa hakanan a cikin sharaɗi. In aka sallame shi a tsakiya ba da laifi ba, yana da ikon neman ladan sauran watannin.

JINGA

Na uku, wanda ya fi kawo rigima, shi ne jinga: ga gona, nome ta kaza, ga rijiya, haƙa ta kaza, ga buhu hamsin, kai su tasha kaza. A nan aikin aka saya dunƙule, ba kwanaki ba. Mai jinga shi ya san lokacin zuwansa, ya kan zo da kayan aikinsa, wani lokaci da yaransa. Sabo da haka lissafin kwana ɗaya da mako ɗaya ba ya warware matsalarsa, sai an koma ga abin da aka shirya.

Littattafan fiƙihun Malikiyya, waɗanda alƙalai su ke aiki da su a ƙasar Hausa tun da daɗewa, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, sun raba wannan gida biyu. Akwai ijara, akwai ji'ala. Ji'ala ita ce kamar mutum ya ce duk wanda ya nemo masa sansa da ya ɓace zai ba shi kaza. Mai nema ba shi da kome sai ya kawo san, ko da ya kwana bakwai a daji, kuma yana da ikon fasawa duk sa'ad da ya ga dama. Dalili shi ne rabin nema ba ya amfanar mai sa da kome. Ijara kuwa ita ce ɗaukar mutum a kan aiki sananne da lada sananne, ita tana ɗaure duka biyu tun daga ƙulla ta, ba mai warware ta shi kaɗai ba tare da uzuri ba.

Waɗansu masu gona su kan riƙe hukuncin ji'ala su ɗora a kan noma, su ce tun da ba a gama ba, ko kwabo ba za su biya ba. Wannan kuskure ne. Kunya sittin da aka nome suna nan a gonarsa, dawarsa ce ta ke shan iska a kansu, ba za a mai da ciyawar ba. Malamai sun yi wannan bambanci har a kan rijiya: wadda a ke haƙa wa mutum a cikin filinsa hukuncinta na ijara ne, domin ramin da aka fara nasa ne, in aiki ya tsaya sai a yi lissafin abin da aka yi. Haka nan in ma'aikaci ya mutu a tsakiyar aiki, alkawari ya warware a kan abin da ya saura kaɗai, magadansa su karɓi ladan abin da ya gabata. In kuwa mai gona ne ya hana shi ƙarasawa alhali yana shirye, babu laifi babu uzuri, to, ladansa cikakke ya tabbata.

Shari'ar Ingila, wadda manyan kotunan Nijeriya suka gada a kan sha'anin kwangila, ta fi tsanani ga wanda bai gama ba. Akwai wata tsohuwar shari'a da a ke koya wa ɗaliban lauya har yau. A 1793 wani ma'aikacin jirgin ruwa mai suna Cutter ya shirya da mai jirgi zai yi aiki daga Jamaika zuwa Libaful a kan gini 30, watau fam 31 da sule 10, da sharaɗin sai ya yi aikin har an isa. Jirgi ya tashi ran 2 ga Agusta, Cutter ya mutu a teku ran 20 ga Satumba, jirgi ya isa ran 9 ga Oktoba. Matarsa ta nemi ladan kwanakin da ya yi, amma a 1795 kotu ta ce ba ta da kome. Hujjarsu ita ce albashin irin wannan aiki a lokacin kamar fam 4 ne a wata, shi kuwa ya karɓi alkawarin kuɗi mai yawa a kan ko duka ko babu. Daga baya an sassauta: wanda ya gama aiki sai 'yan gyare-gyare, a kan biya shi a cire kuɗin gyaran, wanda kuma mai aikin ne ya hana shi gamawa, a kan ba shi ƙimar abin da ya yi ko diyya. Amma ɗan kwangilar da ya karɓi aiki dunƙule ya watsar da shi don kansa, har yanzu ƙafarsa ba ta da ƙarfi a gaban waɗannan kotuna. Masu gina rumbunan siminti da masu haƙa rijiyar burtsatse ya kamata su san wannan.

To, a ce an yarda za a biya abin da aka yi. Yaya za a auna shi? Nan ne dattawa su kan sha wuya. Ga misali, gona mai kunya 100, an yi jingar nomanta a kan naira 40,000. Ɗan jinga ya nome 60 ya tafi. Lissafin akawu ya ce kunya ɗaya naira 400, a ba shi 24,000. Amma duk manomi ya san gona ba ta zama bai ɗaya. Mai yiwuwa sittin ɗin nan na kan jigawa ne inda fartanya ta ke tafiya kamar a gari, arba'in da suka rage kuwa su ne na gangare, laka da ƙiri-ƙiri da aya-aya. Ga shi kuma an ƙara kwana shida, ciyawa ta yi ƙarfi. Wanda aka kira ya ƙarasa ya ce shi sai 24,000. In an bi ƙidayar kunya, mai gona ya biya 48,000 a kan aikin 40,000, ga jinkiri, alhali ba shi ya saɓa ba. Abin da ya fi kusa da adalci, in ma'aikaci ne ya tafi don kansa, shi ne a cire kuɗin ƙarasawa daga jingar farko, a ba shi 16,000 da suka rage. In kuwa rashin lafiya ce ta kwantar da shi, bai kamata a ɗora masa tsadar da jinkiri ya jawo ba, sai a ƙimanta wahalar abin da ya yi da ta abin da ya saura kamar yadda su ke ran da aka ƙulla.

Rijiya ma haka ta ke, har ta fi. Gaba uku na sama yaro ma ya haƙa, amma gaba uku na ƙasa, inda a ke fasa dutse a ke jawo ƙasa da igiya, su ne aikin. Wanda ya haƙa gaba biyar cikin goma bai yi rabi ba. Maganin wannan duka shi ne a yanka jinga gunduwa-gunduwa tun farko, ko wane yanki da kuɗinsa: jigawa kaza, gangare kaza, gaba biyar na farko kaza, na biyu kaza. A biya ko wane yanki da an gama shi. In an yi haka, duk inda aka rabu, abin da a ke gardama a kai bai wuce yanki ɗaya ba.

Kafin alƙalami shi ma ya kamata a faɗi matsayinsa. Mai tarakta ko mai garmar shanu ya kan karɓi kuɗin mutum goma, alhali gona uku ya ke iya yi a yini. Wanda ya zo a ƙarshen layi sai ya ga danshi ya wuce. Mai da masa kuɗinsa kawai bayan mako biyu bai biya shi ba, gama lokacin shuka ya tafi. Sai a sa rana: in ran kaza ta wuce ba a shiga gona ba, mai gona yana da ikon kiran wani, a mayar masa da kuɗinsa a ran nan. Shi kuma mai tarakta ya sa nasa sharaɗin, in ya sayi mai ya kawo inji har bakin gona aka ce an fasa, kuɗin man da na tafiya sun zama nasa. Lalacewar inji uzuri ne, amma uzurin ba ya halatta masa riƙe kuɗin aikin da bai yi ba.

Makiyayin da a ke ba kiwo yana da tasa matsalar dabam. A wurare da yawa ladansa ɗan maraƙi ne bayan waɗansu watanni. In aka rabu saura wata ɗaya, ba a yanka maraƙi a ba shi kashi biyar cikin shida. Ya kamata tun ran da aka miƙa masa sanda a faɗi shekarun maraƙin, a kuma yarda in an rabu a tsakiya za a yi masa kuɗi da farashin kasuwar ran rabuwa, a raba bisa watanni. Risala ta ambaci wani hukunci da ya shafi wannan: mutuwar dabbobin da a ke kiwo ba ta warware alkawarin makiyayi, sai mai su ya kawo waɗansu a madadinsu. Watau mutum ba ya cewa tumakinsa sun ragu, sabo da haka ya sallami yaro hannu wofi.

Game da rubutu, sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya tilasta wa ubangida ya ba ma'aikacinsa takarda kafin wata uku su wuce da fara aiki, wadda ta nuna irin aikin, da lada, da lokacin biya, da wa'adin rabuwa, da ranar ƙarewa in akwai. Masu manyan gonaki da kamfanonin da su ke ba manoma iri da taki ba su da hujjar ƙin yin haka. Ƙaramin manomi kuwa ba ya bukatar lauya. Rabin shafi ya isa, da boko ko da ajami, malamin makaranta ko akawun dagaci ya rubuta, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kofe. Inda ba mai rubutu, a faɗi sharuɗɗan a gaban Sarkin Noma ko mai unguwa, ko a ɗauki muryar duka biyu a waya. Amma a kula, shaidun kada su zama 'yan gidan mai gona kaɗai, musamman in ma'aikacin baƙo ne wanda ba shi da kowa a garin.

In an riga an ɓata, wuri na farko shi ne gonar kanta. A kira dattawa biyu su je su ga aikin da idonsu a ran nan ko kashegari, su ƙidaya kunya, su auna zurfi, tun ruwa bai sauka ya shafe iyaka ba, tun kuma ba a sa wani ya ɗora a kai ba. Bayan mako guda ba mai iya nuna inda fartanyar farko ta tsaya. In sulhu ya ƙi, sai a je gaban alƙali. Mai albashi yana iya kai kukansa ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na jiharsa, su kan kira ubangida a zauna. Akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ikon shari'un ƙwadago, tana zama a manyan birane kamar Kano da Kaduna. Ita ta dace da ma'aikatan manyan gonaki masu bin albashin watanni, amma mai bin naira 16,000 na noman farko, kuɗin mota zuwa can da komowa sau biyu sun cinye abin da ya ke nema.